Ƙailula a Gindin Dutsen Ƙanƙara

Duk wanda ya zo yi mana barka da dawowa, da labarin da ba shi ba ya tafi. Matan layinmu a unguwar Ka'akiyya, nan Makka, sun ce sanyi ne ya kusa kashe mu. Wata ƙawar Umma, wadda muka yi maƙwabtaka da ita a unguwar Nakkasa kafin a rushe gidajenmu, ta ce laifin abaya ne, wai wa ya taɓa hawa dutsen Turawa da abaya. Yayana kuwa har gobe ya yarda gwiwar Umma ce ta ƙi tafiya, shi ya sa muka makara. Duk ba haka ba ne. Rana ce, kuma ni ce. Ni na zaunar da uwata a inuwar dutse har awa uku da wani abu, ina ganin kare ta nake yi.

Yaya yana aiki a wani asibiti a Jidda. A hutun zafin bara ya ce zai fitar da mu mu sha iska, shi da matarsa da Umma da ni, zuwa duwatsun ƙasar Jojiya inda mutanen nan suke yawan gudun zafi. Umma tun da ta shigo Makka daga Sudan tana 'yar shekara goma sha ɗaya ba ta ƙara ƙetare teku ba. Tana da ciwon sukari, tana da hawan jini. Ni ce auta, ni nake kwana ɗaki ɗaya da ita, ni nake riƙe da magungunanta, kuma ni ce mai yi mata faɗa.

Faɗan yana da dalili. Shekara uku kafin wannan tafiya, lokacin aikin Hajji, Umma ta yanke jiki ta faɗi a bakin titi a Aziziyya, da kular abincin da take kai wa alhazai a hannunta. Tsakar rana ce. Na yi ta kwarara mata ruwa a ka, idonta a buɗe amma ba ta san ni ba. Tun daga ranar na zama 'yar sandan rana. Dama kowane ɗan Makka ya san dokar: tsakanin azahar da la'asar ba a yawo. Kantuna su sauke ƙofa, maguna su shige ƙarƙashin mota, kowa ya nemi inuwa ya yi barcin ƙailula har rana ta karya. Ba wanda ya koya mana wannan, da shi muka tashi, kamar yadda muka tashi da cire takalmi a ƙofar masallaci.

Dutse kuma ban ga wanda zai koya mini shi ba. A kan dutse aka haife ni. Matakalan Nakkasa na hau su da jarkar ruwa, na hau su da tukunyar gas ni da Yaya, kowa ya kama kunne ɗaya. Dutsen Hira na hau shi ya fi sau biyar. Haka na faɗa wa Yaya tun a jirgi, ya ce, "To, gwana, Allah ya kai mu."

Ƙauyen da muka sauka kore ne shar, har ya ba ni haushi, kamar an zuba masa fenti. Shanu suna yawo ba makiyayi, gidajen dutse ne, can sama kuma kawunan duwatsu fari fat. Gidan wasu tsofaffi biyu muka kama, mata da miji. Kwana na biyu matar Yaya, wadda take da ƙaramin ciki, ta tashi da amai saboda kwane-kwanen hanyar da muka sha, Yaya ya ce zai kai ta ɗakin shan magani a garin gaba. Umma tana tsaye bakin taga da kofin shayi, tana kallon wani farin abu da ya zubo tsakanin duwatsu biyu kamar harshe.

"Auta, wancan ƙanƙara ce da gaske? Duk wancan?"

"An ce haka."

"Ina so in taɓa da hannuna. In na koma in ce na taɓa."

Umma ba ta cika cewa tana son abu ba. Na ce yalla, mu je.

Tsohuwar gidan ta tare mu a ƙofa. Ba ta jin Larabci, ba na jin yarensu, sai ta yi magana a wayata, wayar ta juya mana. Abin yana ɗaukar lokaci, ni kuma ba ni da haƙurin jira. Ba zan ce ban fahimta ba, na ji sarai. Ta ce akwai rafi a hanya, da safe ƙarami ne, da yamma babba. Ta ce ku taɓa ku juyo, kada rana ta wuce tsaka kuna can. Ta nuna idon sawunta, ta ce safe. Ta nuna ƙugunta, ta ce yamma.

Na ɗaga kai na dubi sama. Shuɗi tas, ko ƙyallin gajimare babu. Ni na san ruwa, ko kuwa in ce haka nake gani. Na san sel, ambaliyar da take gangarowa daga duwatsun Makka ta kwashe motoci kamar gwangwanin madara. Amma sel ba ta zuwa sai sama ta yi baƙi an tsuge. Ruwa ba ya girma haka kawai. Na karɓe wayata na ce, "Halas, shi ke nan, Mama, mun gane," na sa ta a jaka. Ta bi mu da rigunan sanyi biyu. Na karɓi ɗaya don Umma, na ajiye ɗayar a kujera, na ɗauki lemata.

Mijinta ya kai mu a wata tsohuwar jif har inda hanyar mota ta ƙare. Ya nuna agogonsa, ya ɗaga yatsu biyu. Na ɗaga masa biyar. Ya girgiza kai, ya sake ɗaga biyu. Na juya na ja hannun Umma.

Da hantsi muka isa rafin. Na kusa yin dariya. Ruwa ne fari-fari kamar an ɗauraye ƙwaryar nono, bai kai idon sawu ba, an jera duwatsun takawa, a tsakiya kuma an gitta katako ɗaya. Umma ta zauna a kan wani faffaɗan dutse ta ce sai ta yi alwala da ruwa mai gudu. Tana tsoma hannu ta yi ƙara, sai kuma ta fashe da dariya kamar yarinya.

"Rabona da ruwa mai tafiya da ƙafarsa tun kogin garinmu. Mu fa a ruwa muka tashi, mu yi wanki, mu kama kifi da zane..."

"Umma, rana tana yi. Tashi."

Ta tashi. Ban bar ta ta ƙarasa ba.

Wajen sha biyu muka kai gindin ƙanƙarar. Daga nesa fari ne, da aka matso sai ga shi da datti, toka-toka, tsakuwa ta lulluɓe shi. Tsayinsa ya fi gidan bene mai hawa huɗu. A ƙasansa akwai wani baki kamar kogo, cikinsa shuɗi, daga nan ruwan yake fitowa. Jifa-jifa dutse ya suɓuto daga sama ya faɗo, ƙararsa ta daɗe tana yawo. Ba mu matsa sosai ba. Wani guntu da ya ɓalle ya gangaro gefe, girman firij, shi Umma ta ɗora wa tafin hannu biyu. Ta yi ta cewa Subhanallah. Na ɗauke ta hoto.

Sai na lura tana haki. Ta ce kanta yana ɗan juyawa. Ranar wurin kuma wata iri ce: iska da sanyi, amma fata tana zafi kamar ana soka allura. Yanzu na san tsayin wurin ne ya sa ta haki. A lokacin ba abin da na gani sai bakin titin Aziziyya da idon Umma da bai san ni ba. Hanyar komawa awa biyu ce, ba bishiya, ba inuwa, rana a tsakiyar ka.

Mutanen da muka tarar, su kusan goma da sanduna da manyan takalma, sun fara haɗa kaya. Wata Baturiya mai furfura ta zo ta taɓa agogonta, ta nuna hanya, ta yi da hannu kamar abu yana tasowa. Na yi mata murmushi na ɗaga hannu.

"Auta, mutane fa suna tafiya," in ji Umma.

"Su tafi. Su rana suke nema, kin ga yadda suka yi ja kamar tumatir. Mu 'yan Makka ne, ba ma tafiya yanzu."

"Matar gidan nan ta ce..."

"Matar gidan nan ba ta gan ki a ƙasa a Aziziyya ba. Ni na gan ki. Zauna, Umma, don Allah. In rana ta karya mu sauka a hankali."

Na samo wani ƙaton dutse mai inuwa, na shimfiɗa mata rigar sanyin. Muka yi sallah, muka haɗa azahar da la'asar tun da matafiya ne. Muka ci burodi da cuku, muka shanye shayin filas. Umma ta jingina, barci ya ɗauke ta. Ni kuma na zauna ina jin daɗin kaina, ina duba hotuna, hannuna yana shiga ledar dabinon da muke tafe da shi saboda sukarin Umma. Ban ƙirga ba. Ci kawai nake yi don ba abin yi.

Na ji ƙarar tana ƙaruwa. Na ɗauka iska ce. Umma ce ta farka wajen uku da rabi ta karkata kunne.

"Muryar ruwan nan ta sake."

"Umma, dubi sama. Kin ga hadari?"

Ta dubi sama, ta dube ni. Ta fara sa takalmi da sauri. Saurin nata ne ya fara tsinka mini zuciya.

A hanyar sauka, wuraren da muka taka a bushe da safe duk sun jiƙe. Ƙananan ruwaye suna tsallaka hanya ta ko'ina. Tun kafin mu ga rafin na fara jin sa a tafin ƙafata, ƙasa tana rawa. Da muka sha kwanar ƙarshe na tsaya cak.

Babu rafi. Wani abu ne launin kwaɓaɓɓen siminti yake gudu yana tsalle, faɗinsa ya kai titi mai layi biyu. Duwatsun takawa babu, katako babu, faffaɗan dutsen da Umma ta yi alwala a kai babu. Abin da ya fi tayar mini da hankali ba rurin ba ne. A ƙarƙashin rurin akwai wata ƙara, dum, dum, kamar mata suna daka a gida mai nisa. Duwatsu ne ruwan yake mirginawa a cikinsa. Sama kuwa shuɗi tas. Ina tsaye ina kallon saman nan kamar ta ci amanata. Sai a lokacin kaina ya haɗa lissafin da yaro ma zai haɗa: ƙanƙara ce, rana ta wuni tana dukanta. Ranar da na ɓoye Umma daga gare ta, ita ce ta riga mu zuwa nan ta tare hanya.

Na ciro waya. Ba sabis. Na ɗaga ta sama, na hau dutse, na sauko, na sake hawa. Ba kowa a ɗaya gaɓar. A Makka rana tana faɗuwa a hankali, ka gan ta tana tafiya. A can dutse ne yake haɗiye ta lokaci ɗaya. Inuwa ta taso daga ƙasan kwarin tana hawowa, tana isowa kanmu sanyi ya sauko kamar an buɗe firiza. Ni ba rigar sanyi, sai lema.

"Ba ni dabino," in ji Umma.

Na juya. Goshinta ya yi zufa a cikin wannan sanyi, yatsunta suna karkarwa. Na san wannan alamar, sukarinta ne yake sauka. Ta sha maganinta da safe, ta yi tafiyar da ba ta saba ba, abincin kuma bai taka kara ya karya ba. Na buɗe leda. Dabino biyu ne a ciki, da tarin ƙwallaye.

Ta kalli ledar, ta kalle ni, ta ɗauki ɗaya.

"Ajiye ɗayan."

Daga nan hankalina ya bar jikina. Na yi sama da gudu, na yi ƙasa, ina neman inda ruwan ya fi ƙanƙanta. Na samu wani wuri da ya matse tsakanin manyan duwatsu biyu, bai fi tsalle ɗaya mai kyau ba. Na ce zan tsallaka in ruga in nemo mutane. Na tattare abaya, na sa ƙafa ɗaya a kan wani dutse da ruwa yake shafa. Ban san lokacin da ƙafar ta tafi ba. Wani abu ya fizge ta kamar hannu, sanyi ya harba har cikin haƙorana, sai na ji an shaƙe ni ta baya. Umma ce ta damƙi ɗankwalina da wuyan abayata ta finciko ni, muka zube tare a kan tsakuwa. Takalmina na hagu ya tafi. Ko ganinsa ban yi ba.

"Ke mahaukaciyar ina ce?" Umma ba ta taɓa yi mini irin wannan tsawa ba. "In kin tsallaka, ni fa? In kin faɗa, in ce wa yayanki me?"

Na fashe da kuka. Na ce mu zauna a nan har a zo.

"Da dabino ɗaya? Da wannan sanyin? Ba zan kai safe ba, kin fi kowa sani." Ta share zufa da gefen mayafi. "Saurara. Yau kin yi magana tun safe, yanzu ki yi shiru. Inda ruwa ya matse, nan yake kisa. Inda ya baje ake nema. Tashi."

Muka bi gaɓa muka yi ƙasa. Ina ɗingishi, ƙafa ɗaya safa kawai, tsakuwa tana cizo. Umma ta karyo wani busasshen reshe a cikin 'yan gajerun itatuwan wurin, ta gwada ƙarfinsa a gwiwa. Mun yi kamar rabin awa, sai kwarin ya buɗe, ruwan ya rabu gida huɗu da tsibiran tsakuwa a tsakani. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta jefa dutse a nan, ta jefa a can, tana sauraren faɗuwarsa.

Ta naɗe abayarta har ƙugu ta ƙulle, dama da wando a ciki. Ta sa ni na yi haka. Ta saƙala hannunta a nawa, ta tsaya ta ɓangaren da ruwa yake zuwa.

"Umma, bari ni in tsaya nan."

"Ke da ba ki fi kara nauyi ba? Ni zan tare miki. Kada ki ɗaga ƙafa, ja ta za ki yi a ƙasa. Kada ki kalli ruwan, zai tafi da idonki, kai ya bi. Kalli wancan jan dutsen. Bismillah."

Na farko ya kai mana ƙwauri. Sanyinsa ba sanyi ba ne, ciwo ne, kamar ana buga ƙashi da guduma. Muka fita. Na biyu ya wuce gwiwa. Ina jin ƙananan duwatsu suna dukan ƙafata suna wucewa, ina jin jikin Umma yana karkarwa a jikina, tana karanta addu'ar da ba na jin kalmominta saboda ruri. Sau ɗaya na saci kallon ruwan, nan take duniya ta fara tafiya gefe. Ta matse hannuna har na ji zafi. "Jan dutse!" Na mayar da ido.

A na uku lemata, wadda nake dogarawa da ita, ta lanƙwashe ta tafi. Umma ta yi tuntuɓe ta durƙusa, ruwa ya kai mata ƙirji. Ban san da wane ƙarfi ba, na dai san na sa kafaɗa a hammatarta ina ihu, muka rarrafa muka hau tsibiri na ƙarshe.

Saura ɗaya. Shi ne uwar ruwan. Daga inda muka fara ya yi kama da sauran, da muka zo gabansa sai ga shi baƙi-baƙi, yana gudu sumul ba kumfa, kuma dakan nan daga cikinsa yake fitowa. Umma ta jefa dutse. Ba mu ji ya taɓa ƙasa ba.

Ta zauna. Takalminta na dama ya yage, jini yana fita ta wajen babban yatsa, ita ba ta ma ji ba. Na ba ta dabinon ƙarshe, na tsaya a kanta har ta haɗiye. Na cire ɗankwalina na ɗaure mata ƙafar. Rigar sanyin ta jiƙe jagab. Na rungume ta ta baya ina goga mata hannuwa. Gaba ba hanya, baya kuma ba za mu iya sakewa ba. Tsibirin bai fi ɗakinmu girma ba. Na sa ido a kan wani farin dutse a bakinsa. Da na sake dubawa ruwa ya rufe shi.

"Umma, yi mini magana. Ba ni labarin kogin garinku. Kifin nan da kuke kamawa da zane."

"Da safe... kin ce in tashi."

"Yanzu ina so. Don Allah, Umma."

Ta fara. Harshenta ya yi nauyi, kalmomin suna manne wa juna. Ta ce wani abu game da yayarta da tulu, sai ta kira ni da sunan yayar tata, wadda ta rasu tun ba a haife ni ba. Wannan ne lokacin da na fi jin tsoro a rayuwata, ya fi na Aziziyya, domin a Aziziyya akwai mutane, akwai motar asibiti, kuma ba ni na kai ta ba. Na yi ta kiran sunan Allah, na yi ta kiran Yaya, muryata ko ni ba na jin ta. Na yi tunanin yadda zan zauna da gawar uwata a kan tsakuwa har gari ya waye. Na yi tunanin wanda zai yi mata wanka a ƙasar da ba mu san kowa ba. Matar da ta yi shekara arba'in da wani abu tana roƙon Allah ya sa a yi mata sallah a Harami.

Doki na fara gani, kafin mutane. Tsohon nan mai gidan da muka sauka ne a kai, Yaya yana biye da gudu yana faɗuwa yana tashi. Daga baya na ji yadda aka yi: tsohon bai kula da yatsuna biyar ba, ƙarfe biyu ya dawo. Masu sandunan nan suka ce masa akwai mata biyu masu baƙaƙen kaya zaune a gindin ƙanƙara. Ya jira, ya ga ruwa ya ɗauke katako, ya koma ya ɗauko doki da Yaya. Sun je mashigar safe ba su gan mu ba, suka biyo gaɓa.

Tsohon bai shiga ta gabanmu ba. Ya haura sama kaɗan, ya saki dokin ya gangaro a karkace. Ruwa ya kai cikin dokin, ina ganin ƙafafunsa suna neman ƙasa. Ya hau tsibirin. Ya ciro kwalbar zuma daga aljihu, matarsa ce ta ba shi, na lakata na shafa wa Umma a baki, na sake, na sake. Muka ɗaga ta, ni da shi, kamar buhu. Ya zaunar da ita a gabansa, ya zagaye ƙugunsu da igiya. Na tsaya ni kaɗai ina kallon baƙin mayafinta yana tafiya a kan ruwa. A tsakiya dokin ya yi tangaɗi. Na rufe ido. Da na buɗe, Yaya ya shiga ruwa har gwiwa yana karɓarta.

Nawa tsallakawar ba na tuna ta sosai. Warin doki, da rigar tsohon da na cusa fuskata a ciki, shi ke nan.

A jif, bayan Umma ta sha shayi mai sukari ta dawo hayyacinta, Yaya ya juyo kaina. Idonsa ja.

"Me ya tsayar da ku? An ce muku ku juyo da wuri! Ke ba gwanar dutse ba ce? Me kuka zauna yi?"

Na buɗe baki. Umma ta riga ni.

"Gwiwata ce, Babana. Ta riƙe, na kasa sauka. Yarinyar nan ta yi ta fama da ni. Kada ka yi mata faɗa."

Na rufe bakina. Ni da ake cewa ba na iya haɗiye magana, na haɗiye wannan. Da muka isa gida tsohuwar ta zaunar da ni, ta sa ƙafafuna a roba da ruwan ɗumi, ta ɗauko rigar sanyin da na bari a kujera ta yafa mini. Ba ta nemi wayata don ta faɗa mini komai ba. Na kasa kallon fuskarta har muka bar garin.

Ciwon yatsan Umma ya yi wata biyu bai rufe ba, ka san mai sukari. Ni nake wanke shi kowace safiya. Har yanzu in motar ruwa ta zo tana juye wa tankinmu, sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada in ji ƙarar. Wannan duk zan iya ɗauka.

Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne wannan. Yaya ya yi wa Umma alkawari tun da daɗewa zai kai ta Kano, ta ga dangin mahaifinta, ta ga garin da kakanta ya fito da ƙafa ya nufo gabas. Ta sayi turare, ta sayi dardumai da zannuwan tsaraba, tana tarawa a akwati a ƙarƙashin gado. Makon jiya ya zo ya ce ya fasa. Ya ce gwiwar da ta kusa kashe ta a dutse ba zai sake ɗora ta a hanya ba, ta zauna kusa da asibiti. Umma ta ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri. Bayan ya tafi na shigo na same ta ta jawo akwatin, tana fitar da dardumai tana jerawa a kabad.

Na ce, "Umma, zan faɗa masa."

Ta ce, "Ba ruwanki. Abin da Allah ya rufe kada ki tona. Kin san halin yayanki, shekara zai yi bai yi miki magana ba."

In ya so ya yi shekara biyu ma. Matar da ake cewa gwiwarta ta ƙi, ita ta tare mini ruwa da jikinta har sau uku. Na mayar da dardumai cikin akwati, na rufe, na tura shi ƙarƙashin gado. Ranar Alhamis in na tashi daga kantin da nake aiki zan hau mota zuwa Jidda. Zan zauna a gabansa, matarsa tana wurin, in fara tun daga ƙofar gidan tsohuwar nan, da yatsu biyar, da inuwar dutse, da ledar dabino. Ba zan tashi ba sai ya ɗauko waya ya kira Umma ya faɗa mata ranar tafiya.